Hannun Hagun Tanti Zali

Ƴan matan da ke zuwa koyon aiki a wurinmu, tun ranar farko sai ki ji suna cewa ai wannan wasa ne da yatsu a cikin inuwa. Ɗaya daga cikinsu, Sahiya, ta ce mini da a ce tsohon mashin ɗin buga takardu ne to da wuya, amma ordinatar, wato kwamfuta, ita ke yi wa mutum komai. Ban musa mata ba. Na dai kai ta teburin ƙurya, na ce ta shafa gefensa na hagu. Akwai wani wuri a nan, faɗin tafin hannu, da katakon ya yi fari ya yi santsi kamar bakin tsohon turmi. Labarin wurin nan nake son in rubuta muku, ko da yake ni kaina akwai abin da ban gane ba a cikinsa har yau.

Na shiga sana'ar buga takardu a shekarar da yajin aiki ya cinye mana karatu a lise, wato babbar sakandare. Babana ya ce zaman gida ba zai yi ba, ya kai ni wurin abokinsa Alhaji Sama'ila, mai ɗan biro, wato ƙaramin ofis, kusa da kasuwar Tawa, inda ake buga wa mutane takardun neman aiki da na kotu da katin biki. Mai bugawar ita ce Tanti Zali. Ta daɗe tana sakatariya a ma'aikatar gwamnati kafin a rage ma'aikata, kuma duk garin an san takardarta ba a sake karantawa. Idan ta zare ta daga mashin ta miƙa, sai sa hannu.

Darasin farko da ta ba ni, ta yafa kallabinta a kan hannuwana da haruffan mashin gaba ɗaya. Ta ce mai kallon yatsunta ba ta iya ba, mai kallon takardar da ke fitowa kuma ba ta yarda da kanta ba. Ido yana kan rubutun da aka kawo, wanda ake ajiyewa a hannun dama. Idan kuwa mutum bai zo da rubutu ba, da baki zai faɗa, to ido yana kan bakinsa, don girmamawa ce, kuma a leɓe ake ganin kalmar da kunne ya rasa. Mashin ɗin yana da ƴar ƙararrawa da ke bugawa idan layi ya kusa cika, yana kuma da sandar ƙarfe a hagu da ake turawa takarda ta koma farkon sabon layi. Ni nakan jira ƙararrawar. Tanti ba ta jira. Tsawon layi yana cikin jikinta, kafin ƙarfen ya yi ƙara hannunta na hagu ya riga ya tashi ya tura ya dawo. Nakan manta da nawa aikin ina kallon hannun nan yana tashi yana sauka kamar tantabara a bakin rumbu, har sai ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, «Barira, dawo duniya.»

Sai mummunar shekara ta zo, wadda darajar kuɗinmu sefa ta karye. Ma'aikata suka yi wata da watanni ba albashi, mijin Tanti yana cikinsu, gidansu kaf ya koma kan kujerarta. Zaren tawadar mashin ya yi tsada har muka koma juya tsoho muna bugawa, rubutu yana fita kamar inuwar rubutu. Abin da ya riƙe biro shi ne siyasa. Jam'iyyu sun yi yawa, kowa yana son jawabi da sanarwa, kuma kowa yana son nasa ya fi na abokin hamayya kyau a ido. A lokacin ne wani proje, wato aikin raya ƙasa, na arewa ya tattara kayansa saboda hanya ta daina lafiya, Alhaji ya sayi ordinatar ɗinsu, wadda ƴan Najeriya ke cewa kwamfuta, da injin fitar da takarda.

Wani mutum daga Yamai ya haɗa mana wayoyin, ya koya mana a tsaye, motarsa tana jira. Ya nuna mana wani ɗan abu mai wutsiya da ake turawa a kan tebur, kibiya tana yawo a allo. Ya kira shi da Faransanci, Tanti ta ce ashe kusu ne, wato ɓera, sunan ya zauna. Da yake hannun dama wurin rubutun da aka kawo ne, kuma Tanti ta ce ko gwamna bai isa ya canza wannan ba, sai aka ajiye kusun a hagu. Sannan ya nuna mana tagogi. Kowane aiki yana da tagarsa a allo, ana iya buɗe da yawa, wata a kan wata. Ya ce wadda goshinta ya yi shuɗi ita ce ke saurare, duk abin da aka buga cikinta zai shiga. Sauran masu goshi ruwan toka suna nan, amma kurame ne. Ya ce kuma babu sauran tura sanda, layi yana komawa da kansa. Ya sha ruwa, ya tafi.

Na yi kwanaki ina ƙoƙarin fahimtar tagogin nan da takardun gaske. Sai in jera takarda uku a tebur, wata a kan wata, in kama gefen ta ƙasa in ja. Takarda mai ladabi ce, tana matsawa amma tana nan a ƙasa inda take. Ta allo kuwa, da kin taɓa gefenta, ko don ki ɗan matsar da ita ki leƙa abin da ke bayanta, sai ta tsallako kan sauran, ta rufe su, ta kuma ƙwace saurare. Na ce to, na gane, ta sama ita ce mai ji. Sai ga wata ƴar tagar agogo da mutumin Yamai ya bari a kusurwa, kullum tana saman kowa, ba ta yarda a rufe ta, amma goshinta toka ne, ba ta jin komai. Na ce to, ba ta sama ba ce, wadda aka taɓa daga ƙarshe ce. Sai wata rana na taɓa filin allo inda babu taga, duka suka yi toka a tare, kamar mata sun juya baya a gidan biki. Na buga sunana, bai fito ko'ina ba. Na tambayi Tanti ina ya tafi, ta ce in tambayi wanda ya sayo.

Duk da haka aiki ya tafi, don yatsun Tanti ba su damu da ko mashin ne ko allo ba, haruffan suna inda ta san su. Mun raba aiki: ni in buɗe taga in shirya, ita ta buga. Matsalar ta fara a hankali. Wani lokaci sai a ga layi ya ɓace daga tsakiyar takarda. Wani lokaci in bar tagogi a jere in je in dawo, in tarar sun yi yawo, wata ta karkata ta hau kan wata. Abin da ya fi ɗaure kai, in dai ina tsaye a gefenta, na jawo kusu gabana na riƙe, babu abin da ke faruwa. Da na matsa sai ya dawo.

Aikin da ya fasa ƙwai na Mushe Alka ne, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, da ke neman kujerar dipite a majalisar dokoki. Ya kawo jawabin da zai karanta a taron Kalfu da yamma, da Hausa, don mutanen karkara ne. Tanti ta buga, ya sa tabarau ya karanta a allo tun daga sama har ƙasa, ya ce ko waƙafi ba a taɓa ba. Takardar injin ta ƙare, Alhaji ya fita nemowa, Mushe Alka ya ce zai je ya dawo. Muka bar tagarsa a buɗe.

Yana fita sai ga wani dattijo makiyayi daga arewacin Takanamat, sunansa Agali, rawaninsa ya rufe baki. Raƙumarsa ce ta ɓata, yana son sanarwar da za a liƙa a kasuwar Barmu. Na buɗe masa sabuwar taga a kan ta Mushe Alka, gefen waccan yana leƙowa kaɗan ta hagu, na koma ƙofa ina karɓar wasu. Tanti ta roƙe shi ya ɗan sauke rawanin don ta ga bakinsa. Ya sauke kaɗan. Ya fara faɗa da Hausarsa mai nauyi, a hankali, kamar mai tafiya a rairayi, ita kuma idonta a kansa, yatsunta suna gudu. Ina jiyo shi daga ƙofa. Ya faɗi launinta, da tsagar kunnenta, da ɗingishinta, da rijiyar da aka yi mata gani na ƙarshe. Daga nan muryarsa ta yi ƙasa, ya ce raƙumar matarsa ce da ta rasu, kuma ba ta zuwa sai an yi mata irin kiran da matar ke yi, shi kuwa bai taɓa iya kiran daidai ba.

Al'adarmu ce a karanta wa mai faɗa da baki abin da ya faɗa. Da na zo karantawa sai na tarar da takarda duk ramuka. Raƙuma, sai shiru, sai rijiya, sai sunan gari. Fuskar Tanti ta canza. Dattijon bai yi fushi ba, ya sake faɗa, wannan karon ina tsaye riƙe da kusu, komai ya shiga. Amma bai sake maganar matarsa ba. Na jira, bai faɗa ba, ni kuma ban iya tuna masa ba. Ya ja rawaninsa sama, ya ce mu aika a liƙa masa in takarda ta zo, ya yi godiya da Tamashek, ya tafi. Da takarda ta zo na fitar da jawabin Mushe Alka na sa a ambulan, tun da shi da kansa ya riga ya karanta.

Washegari ya dawo, kafin ya yi sallama ya ajiye jawabin a gaban Alhaji. Mushe Alka mutum ne mai karanta takarda da ƙarfi, ba ya tsayawa, haka ya saba da ƴan aji. A gaban mutanen Kalfu ya ɗaga murya ya ce idan suka zaɓe shi kowane gari zai samu raƙuma fara mai tsagaggen kunnen hagu, tana ɗingishi da ƙafar baya, da kuma asibiti. An tafa masa. Wani tsoho ya tambaya ko ba za a iya samun wadda ba ta ɗingishi ba. Kafin ya hau mota yara sun fara kiransa Mai Raƙuma.

«Shekara talatin ina koya ma ɗiyan mutane karatu,» in ji shi, «yau ga ni ina rabon raƙuma gurguwa. Alhaji, mi na yi muku?»

Alhaji ya ba shi haƙuri har ya gaji. Da ya tafi, Alhaji ya zauna ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ba mutum ne mai faɗa ba. Ya ce shi ya lura, abin nan ba ya yin haka sai in Zali ce kaɗai a gabansa, da yarinya ta zo sai ya natsu. Ya ce wataƙila na'urar ta yara ce. Tsohon mashin kuwa babu zaren tawada, ya ma riga ya yi cinikinsa da wani. Ya ba da zuwa kasuwar Lahadi: in ba a gano ba, Tanti ta huta a gida, ni in hau kujerar.

Tanti ta ce «to». Ta gyara zamanta ta jawo takarda ta gaba.

Kwanakin da suka biyo baya, kowa ya zo da nasa bayanin. Mai gyaran rediyo na kusa da mu ya ce kuran ne, wutar Tawa tana rawa, ita ke tura tagogin. Muka jira lokacin da wuta ta tsaya cak, abin ya sake faruwa. Alhaji ya ce zafi ne, aka juya wa na'urar fanka, mu muka zauna cikin gumi. Mai kai saƙo Yamai ya dawo ya ce mutumin da ya haɗa mana ya ce abin da muke faɗa ba ya yiwuwa, taga ba ta motsi sai an taɓa ta. Ni kuwa na zauna na duba jawabin Mushe Alka kalma bayan kalma, na tsince duk guntayen raƙumar, na jera su da sanarwar farko. Launin yana cikin jawabi, kunnen da ƙafar ma haka, rijiyar tana cikin sanarwa. Maganar matar ba ta cikin ko ɗaya. Tanti ta rantse ta buga ta, har ta nuna mini da yatsunta a kan tebur yadda ta buga. Na fara tunanin ko tagogin suna da wata ta uku a baya da ba ma gani. Na ja wannan, na ja waccan, kowace na taɓa sai ta hau sama ta rufe abin da nake nema. A ƙarshe na tura su duka gefe, babu komai a baya sai fili mai launin ruwan tafki.

Da na tsaya kusa da ita don in kama abin, allo nake kallo, kuma hannuna yana kan kusu, sai komai ya tafi daidai. Na fara jin kunyar tsayuwar, don kowace tsayuwa tana ƙara gaskata maganar Alhaji.

Ranar Asabar Alhaji ya ce a gwada na ƙarshe. Ya ba Tanti wata doguwar takardar ƙungiyar manoman albasa, ya ce in buɗe taga biyu kamar ranar nan, in koma bakin ƙofa, kada in matso. Daga inda na zauna ba na ganin allo, sai gefen Tanti. Ba ni da abin yi, sai na koma tsohuwar ɗabi'ata ta kallon hannunta. Yatsun suna zuba kamar ruwan farko a kan kwano. Sai hannun hagu ya tashi, ya yi gefe, ya dawo. Na saba da tashin nan har ban ɗauke shi komai ba, haka ma Alhaji, haka ma duk wanda ya taɓa shiga biro ɗin. Abin da ya farkar da ni kunne ne. Ina jiran ƙararrawar da babu ita, sai na ji wani ɗan sauti a gurbinta, ƙas, kamar an fasa gyaɗa. Layi ya sake cika, hannun ya tashi, ƙas.

Na ce, «Tanti, hannunki na bugun kusu.»

Ta tsaya. «Wane hannu?»

«Na hagu. In layi ya cika kina tura sanda.»

«Wace sanda, ɗiyata? Sanda tana can cikin kwali. Hannuna bai tashi ba.»

Da gaskiyarta take faɗa. Alhaji ma ya ce shi bai ga komai ba. Sai na tuna da guntun allin da muke rubuta sanarwa a ƙofa, na goga shi a bayan kusun har ya yi fari, na ce ta ci gaba. Ta buga layi biyu, na ce ta buɗe tafinta. Fari tas.

Ta daɗe tana kallon tafin nan kamar na wata ne aka ba ta aro. Yanzu bayanin ya fito a fili: hannun yana neman sanda, sai ya sauka a kan kusu ya danna shi ya kuma ture shi. In kibiya tana kan gefen tagar baya, waccan ta tsallako ta karɓi magana. In ta faɗa kan goshin taga, sai a ja tagar ta yi yawo. In kuma ta faɗa fili, babu mai saurare. Ita kuwa idonta yana inda aka koya masa ya zauna.

Alhaji ya ce to alhamdulillahi, sai ta hana hannun. Ta gwada. Ta matse gwiwar hannunta a jiki, ta buga tana tsaron kanta, sai ga kuskure a kowane layi, ita da ba a san ta da kuskure ba. Gumi ya keto mata. Alhaji ya kalli titi, ya kalli hularsa. Na ga Lahadi tana matsowa a fuskarsa.

Tanti ta sauke hannuwanta ta ce, «Alhaji, hannun ga ya riga abin ga zuwa. Ba ya bari. In dai ɗaya za ya tashi daga tebur, kusu za ya tashi.»

Wutsiyar kusun ba ta da tsawo, amma ta kai bayan allo ta dama. Na buɗe taga ɗaya har ta cika allon duka, babu gefen kowa da ke leƙowa, na duba goshinta shuɗi ne, na ɗauke kusun na ɓoye a can. Tanti ta sake farawa daga sama. Hannun ya tashi, ya sauka a kan katako, ya dawo. Ta gama takardar manoman albasa, Alhaji ya karanta ta sau biyu da yatsa, abin da bai taɓa yi wa aikinta ba, bai samu ko ɗigo ba. Ya mayar da hularsa, ya ce in je in sayo mana fura.

Tun daga ranar dokar biro ɗinmu ke nan, ita ce kuma nake koya muku kafin komai: aiki ɗaya, taga ɗaya, a duba goshi kafin a ɗora yatsa, kuma in kin ja taga ki sani ta hau kan ƴan uwanta ta karɓe musu ji. Mushe Alka bai ci zaɓen ba, amma yana zuwa har yanzu, yana kuma karanta takardarsa a tsaye kafin ya fita. Dattijo Agali ban sake ganinsa ba, ban san ko an ga raƙumar ba.

Sahiya, da ta ji labarin, ta ce ai abu ne mai sauƙi, maganar matar ta faɗa fili ne lokacin da babu tagar da ke saurare, shi ke nan. Na ce na san haka, ni ma haka nake faɗa wa mutane. Sai ta ce to mene ne ban gane ba. Na ce mutum ya sauke rawaninsa ya faɗa, an kuma buga kowane harafi daidai, ina son in san inda suke. Ta yi dariya ta ce babu inda suke. Na waiwaya ko Tanti za ta taya ni, amma tana da mai faɗa da baki a gabanta, idonta yana kan leɓensa, hannun hagu yana tashi yana sauka a kan farin katakon.